Duwatsun Shanya a Filin Jirgi

Laraba, bayan Azahar

Jiya ban iya ɗaukar biro ba. Yau na ɗauka.

Yana nan da ransa. Wannan zan fara sawa a takarda kafin komai. Ɗan farina ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, yaron nan nake cewa, haka muka tarar ana yi. Amma takarda ba mutane ba ce. Kamaruddeen. Kamaruddeen yana nan da ransa. Goshinsa ne ya fashe, an ɗinke. Hadi, abokin aikinsa da ke zama kusa da shi a cikin jirgin, shi ne ya karye a hannu, an wuce da shi Kano.

Jirgin yana can cikin dawar Alhaji Tasi'u, hanci a ƙasa, wutsiya a sama, jama'a sai tururuwar kallo suke yi.

Tun da tsuntsayen nan jan baki suka sauko wa dawa aka turo jirgin feshi, ƙaramin nan mai farfela ɗaya, kuma Allah ya sa yaron nan ne matuƙin. Garin nan bai taɓa murna irin ta ranar da ya fara sauka a tsohon filin bayan gari ba. Jiya da yamma ma haka ya zo, ya zagaya, ya sauko lafiya lau, ƙafafun jirgin suka taɓa ƙasa. Sai ƙara. Sai ya karkace ya bar hanya.

Mutanen kamfani sun ce taya ce ta fashe. Ba su faɗi abin da ya fasa ta ba. Ni ma ban faɗa ba. Abin da na tsinta a wurin yana ƙarƙashin gadona.

Alhamis, da hantsi

Yana kwance a ɗakin zaure. Na aiki ƙanwarsa Tahira ta tambaye shi yadda aka yi, ni kuma na raɓe bayan ƙofa da faifai kamar ina tsince wake. Yarinyar ba ta iya tambaya ba, sai sannu take ta yi masa. Na ajiye faifan na shiga da kaina. Ya ɗago ya dube ni, don bai saba ba. Na ce ya faɗa mini tun daga farko, a hankali, rubutuna ba ya gudu, da furfura na koye shi.

Ya ce a babban filin Kano akwai dogon bene, mutane a ciki suna hangen ko'ina, su za su ce maka sauka ko dakata. A irin filinmu babu kowa. Matuƙi shi ne mai tambaya, shi ne mai amsa. Tun daga nesa zai fara faɗa a rediyo, ni ne wane, ina gabas da gari, zan shigo, ko da babu mai jin sa, don kada ya zamana wani jirgin yana kusa bai sani ba. Na ce wato magana kake yi kai kaɗai a sama kamar mai sambatu. Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi.

Ya ce ba ya taɓa faɗowa kai tsaye. Sai ya bi ta saman filin ya dubi ƙyallen nan na kan sanda, mai kama da ƙafar wando, ya ga inda iska ta nufa, don fuskantar iska ake yi a sauka. Sannan ya yi ƙasa-ƙasa ya bi tsawon filin yana duba ko akwai akuya, ko mutum, ko amalanke. In ya ga wani abu ba ya sauka. Ya sake zagayawa, ko ya koma Kano, shi ya sa kullum yake barin ragowar mai a tanki. Ya ce fasa sauka ba abin kunya ba ne.

Na ce to ranar Talata ba ka duba ba ne? Ya ce ya duba, filin fes yake.

"Inna, daga sama ana ganin tabarma, ana ganin mutum. Ba a ganin dutse. Launinsa ɗaya da ƙasar."

Bai tambaye ni ko na san dutsen wa ne ba. Ya juya ya fuskanci bango.

Juma'a, bayan Asuba

Na ɗauki daro na bi filin daga kai har ƙarshe. Kafin in kai tsakiya daron ya fi ƙarfina.

Ba na cewa matan garin nan mugaye ne. Ina za su yi shanya? Gona ta zo har gindin katanga, ko wurin da jaki zai yi birgima babu. Filin nan ne kaɗai wuri mai tauri, ba ciyawa, ba inuwa, rana tun safe har yamma. Tun kafin a kawo ni garin nan can ake baza gyaɗa da barkono da kuɓewa. Ana danne gefen tabarma ko tamfol da duwatsu saboda iska. Bana da jirgi ya zo, da an ji ƙuginsa sai a naɗe a ruga, har gasa ake yi wa ta fi sauri, ana dariya. Tabarma ake ɗauka da amfanin da ke kanta. Wa zai tsaya ɗaukar dutse, alhali gobe ma a nan za a neme shi?

Sama'ilu ne kamfani ya ɗauka gadi, aikinsa ne ya taka filin kafin jirgi ya zo, ya faɗa wa matuƙi ta oba-oba, rediyon hannun nan, cewa lafiya. Na same shi gindin ɗorawa yana shan koko. Na juye daron a gabansa. Ya ce, Gwaggo, waɗannan duk iyayena ne, wacce zan kora a ciki? Na ce ban ce ka kori kowa ba, sunkuyawa za ka yi. Ya ce yana sunkuyawa, amma da ya juya baya sun mayar.

Gaskiya ya faɗa. Kafin in bar wurin wata ta zo ta zaɓi nata daga cikin tarin, ta gaishe ni ma.

Asabar, da yamma

Na fito da shi daga ƙarƙashin gado. Gutsuren dutsen niƙa ne, mai tsagi a gefe, ga baƙin roba nan ya shafe shi. Na san shi tun yana cikakke. Na niƙa a kansa ba sau ɗaya ba.

Na naɗe shi a mayafi na kai ƙofar ɗakin Safara'u na ajiye. Safara'u aminiyata ce tun muna amare. Ita ta goya yaron nan lokacin da kunya ta hana ni ɗaukarsa a gaban surukai, a bayanta ya yi wayo. Ta fito ta dubi dutsen, ta dube ni. Ta ce ya mai jiki. Na ce da sauƙi. Ta sa ƙafa ta tura shi bayan randa, ta ce in zauna ta damo fura. Na ce a ƙoshe nake.

Shi ke nan abin da muka ce.

Lahadi, da Magariba

Jan baki sun wuce ta kan gida kamar hayaƙi. Sai da suka rufe rana.

Talata, da hantsi

Yaron nan ya koma Kano. Babbar mota ta zo ta ɗauke jirgin, an cire masa fukafukai. Ya ce za a ba shi wani, zai dawo, bai san ranar ba. Na raka shi har bakin hanya, abin da ban taɓa yi ba. Na ga ana leƙe ta kan danga. Su leƙa.

A bakin famfo na tarar ana maganata, da na iso ba a ma yi shiru ba. Nana Maryam, matar mai unguwa, ta ce ga 'yar sandan jirgi nan ta zo, kowa ta ɓoye dutsenta. Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ita ba dutsen ne ya dame ta ba, rashin kara ne, mace ta riƙa rawar jiki a kan ɗan fari, har da shiga ɗakinsa, har da rakiya. Ta ce su a zamaninsu ko ɗan fari ya faɗa rijiya sai dai ka ce wai wani yaro ya faɗa.

Na ce, Baba, naku rijiya ya faɗa. Nawa daga sama yake zuwa.

Na cika tuluna na tafi. Safara'u tana wurin. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, bayan Asuba

Na bi fili. Na tsince.

Alhamis, bayan Asuba

Na bi fili. Na tsince. Sun fi na jiya yawa. Wata har tubali ta kawo.

Juma'a, bayan La'asar

Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci ransa a ɓace. Ya ce har a sahu ana yi masa tsiya, wai matarsa ta karɓi aikin Sama'ilu ba albashi. Ya ce shi ma ɗansa ne, shi ma bai yi barci ba ranar Talata, amma abu irin wannan na manya ne, in bar wa mai unguwa. Na ce na kai wa mai unguwa. Ya ce yaushe. Na ce shekaranjiya, da ƙafata, na durƙusa a zaurensa, ya sa aka yi shela cewa kada a sake baza shanya a fili. Malam ya ce to ai an yi. Na ce an yi, kuma washegari barkonon gidan mai unguwar ne ya fara fita.

Ya ɗauki carbi yana ja. Can ya ce komai da lokacinsa, abin da Allah ya rubuta ba dutse ne zai canza shi ba. Na ce haka ne. Amma shi ma da zai je Makoda sai ya danna tayar babur ɗinsa ya ji ko da iska. Bai dai ce ya hana ni fita ba, na saurara da kyau.

Asabar, da rana

Na yi dabara. Na yanka tsofaffin buhunan taki na ɗinka ƙananan jakunkuna, na cika da yashi, na ɗinke su a kusurwoyin tabarma. In ka naɗe tabarmar, nauyin ya tafi tare da ita, ba abin da zai saura a ƙasa. Na kai fili na gwada musu. 'Yan mata sun so abin. Khairiyya, matar ɗan ƙanin Malam, ta ce in ɗinka mata. Manyan kuwa suka ce tabarma ta yi nauyi a ka, kuma dutse kyauta ne. Nana Maryam ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta ce ko laya ce.

Yatsuna duk sun huje da basilla. Ba komai.

Litinin, da safe

Khairiyya ta zo tana kuka. Ita kaɗai ce ta ji shelar ta kwashe gyaɗarta ta mayar tsakar gida, can kuwa inuwar darbejiya ce rabin yini. Ta yi fumfuna, rabi ta lalace. Uwar mijinta ta ce ta je wurin Kaltume, wato ni, in biya ta, tun da Kaltume ce ta san sama.

Na kwashe tawa daga kan rufin soro na ce ta hau da sauran tata. Tawa tana buhu yanzu, da ɗanyenta.

Na san abin da nake jawo wa mutane. Kada wanda zai karanta wannan ya ce ban sani ba. Na sani, kuma gobe zan koma.

Talata, bayan Asuba

Na bi fili.

Laraba, da yamma

Tsuntsayen sun koma gonar Malam ta bakin fadama. An ɗaura igiya da gwangwanaye, ana ja ana ihu tun safe, muryar Tahira ta dushe. Su tashi nan su sauka can. Zangarniya sai ka ga ta yi fari, ka taɓa ba ƙwaya.

Yanzu kowa tambayata yake yaushe jirgi zai dawo. Waɗanda suka yi mini dariya a famfo su ne ke tare ni a hanya, Kaltume ki yi masa waya mana. Suna son jirgi, suna son shanya, a fili ɗaya, a yini ɗaya. Na ce wa ɗaya ki zaɓa. Ta ce ai suna kwashewa da sauri, ko sau ɗaya jirgi bai taɓa tarar da tabarma ba. Har yanzu a nan suka tsaya. Tabarma, tabarma.

Safara'u ta baza barkono a tsakiyar fili, a inda ta saba. Na duba abin da ta danne tamfol ɗin da shi. Ba wancan ba ne. Wasu ne.

Alhamis, bayan Magariba

Yaron nan ya bugo waya. Gobe zai zo, bayan La'asar, in ya sha mai ya ɗauki magani ya yi feshi kafin duhu, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. Ya ce ya gaya wa Sama'ilu ya taka filin sau biyu ya tsaya da oba-oba a hannu. Hannun Hadi yana haɗewa.

Sannan ya ce an gaya masa abin da nake yi. Na ce wa ya gaya maka. Ya ce ba wannan ba, in ina so in tsince da safe in tsince, amma da na ji ƙugin jirgi in fita can nesa, gindin ɗorawa, kada in kuskura in tsaya ko a gefe. Ya ce farfela ba ta san uwar kowa ba. Ya sa na ce na ji. Na ce na ji.

Gobe Juma'a, mata suna kwashe shanya da wuri. Zan bi bayansu ni da Sama'ilu. Akwai lokaci. Na faɗa wa kaina akwai lokaci, na sake faɗa.

Juma'a, bayan Isha'i

Zan rubuta yadda ya faru, kafin gobe kowa ya ba da nasa.

Bai jira La'asar ba. Hadari ya haɗo daga gabas, ya taso da wuri don ya riga shi. Maza suna masallaci. Sama'ilu ya hau babur ya kai batirin oba-oba caji Makoda, a tunaninsa zai dawo kan lokaci. Ni ina gindin ɗorawa da darona. Fili cike yake, daga kai har ƙarshe, gyaɗa, barkono, kuɓewa, zoɓo.

Sai ƙugi.

Ban taɓa ganin sun yi sauri irin na yau ba, don kowa tana son a yi feshin. Tabarmi suna tashi, ana gudu, ana guɗa. Ni kuwa ina kallon abin da ke fitowa a bayansu. Duwatsu a jere, layi-layi, duk inda tabarma ta tashi huɗu sun zauna. Na yi ta ihu a ɗauki duwatsu, a ɗauki duwatsu. Wa zai ji ni. Jirgin ya bi ta samanmu ya karkata hagu, na san ƙyallen iska yake dubawa. Na san in ya dawo zai yi ƙasa-ƙasa ya duba, ya ga fili fes, ja, ba kowa. Kamar ranar Talata.

Ko hannu goma gare ni ba zan tsince su ba kafin ya juyo.

Na yar da daron na ruga. Ba waje na yi ba, ciki na yi. Tamfol ɗin Safara'u ne ya rage a tsakiya, ta naɗe rabi. Na fizge na warware shi, barkono ya watsu ja wur, na zauna daram a kai. Na cire farin mayafina na baza a gabana.

Ta kama gefen tana ja. Ta ce, Kaltume kin haukace, tashi, zai taka ki. Na ce ba zai taka ni ba, yana dubawa. Ta ce mutane dawa suke so a cece musu. Na ce, Safara'u, dubi ƙasa.

Ta duba. Ta bi layin da ido har can ƙarshe. Sai ta saki tamfol ɗin. Ba ta zauna ba, ba ta kuma gudu ba. Ta tsaya a kaina, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaga sama.

Ya zo. Ban san jirgi yana da girma haka ba sai da ya bi ta kaina, iskarsa ta kwashi barkono ta watsa mana a ido. Ban rufe ido ba. Na ga cikinsa, na ga tayoyin. Ya wuce, ya ɗaga, ya zagaya. Daga gefe ana ta kirana, ana zagi, Nana Maryam tana cewa a janye ta. Ba wadda ta shigo. Ya sake dawowa ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar yana tambaya. Ban motsa ba. Sai ƙugin ya ƙaru, ya yi sama, ya miƙe kudu. Na bi shi da ido har ya zama ɗigo.

Ba a yi feshi ba. Da Magariba jan baki suka sauka a fadama yadda suka ga dama, har gonarmu. Alhaji Tasi'u ya zo ƙofar gida yana faɗa, ya ce jirgi ya kwanta masa a gona ya haƙura, yanzu kuma uwar matuƙi ta kori na biyu. Mai unguwa ya aiko a ce wa Malam yana nemansa da safe. Malam ya shigo ya dubi ƙafafuna. Ya fita, ya dawo da man kaɗanya a leda ya ajiye kusa da ni, don ƙafafuna da cinyoyina wuta suke ci, barkonon Safara'u ba na wasa ba ne.

Wayar ta yi ƙara ina cikin shafawa. Yaron nan ne, ya sauka Kano lafiya, da ragowar mansa.

"Inna, ke ce a tsakiya?"

Na ce ni ce.

"Kin ce kin ji."

Na ce na ji, ban ce zan yi ba.

Ya tambaya ko duwatsu ne. Na ce a jere. Sannan ya ce ya gaya wa kamfani ba zai ƙara sauka a nan ba sai ya ji muryar mutum daga ƙasa yana cewa ya taka filin da ƙafarsa. In an yi haka zai zo jibi.

Na ce ya zo. Amma ya duba da kyau, in ya gan ni a zaune, ya wuce.